Masu Zane a Birnin Kano da Sana'o'in da Su ke Jingina da Su

A bakin Bakano, kalmar zane ta tattara ayyuka da dama waɗanda masu yin su ba su ɗauki kansu 'yan sana'a ɗaya ba. Akwai mai ƙawata bangon gida, da mai zayyanar allo da Alƙur'ani, da mai fentin alamar kanti da jikin mota, da kuma mai zana bangon littafi. Abin da ya haɗa su shi ne, ko wannensu yana jingine ne da wata sana'a. In ta sāke, tilas ya sāke tare da ita, ko kuwa ya rasa abin yi.

Mu fara da mai zanen bango. Shi dai magini ne tun asali, ba a kuwa kai wa ga zane sai an daɗe ana bauta. Yaro ya kan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali a ƙarƙashin ubansa ko maigidansa, sa'an nan ya koyi yaɓe, daga bisani a sakar masa fuskar zaure. Tun yaɓen yana ɗanye ya ke tayar da siffofi da hannu, ko ya tsaga su, kana a shafe da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, don ta tsare bangon daga ruwa. Aikin rani ne, galibi kuwa jinga a ke yi. Dagi da takobi suna cikin tsofaffin siffofi. Da zamani ya kawo keke da agogo da jirgin sama, su ma sai suka hau bango, kamar yadda A. H. M. Kirk-Greene ya nuna a littafin da ya yi a kan gidajen Zariya a 1963. A Kano, Gidan Rumfa da Gidan Makama su ne manyan wuraren da a ke ganin gwanintar magina. Da siminti da bulo da kwano suka yawaita, sai aikin ya koma tsaga siminti da shafa fenti, masu iya tayar da ƙasa kuwa suka yi ta raguwa.

Na biyu shi ne mai zayyana, wanda makarantar allo ce ta haife shi. In almajiri ya sauke Alƙur'ani, a kan ƙawata masa allo da tawada baƙa da ja da rawaya da kore, ya zaga da shi wurin dangi ana sa masa albarka ana ba shi kyauta. Hannun da ke wannan shi ke ƙawata alamun hizifi da na sujada a Alƙur'anin da aka rubuta da hannu. Babu siffar mai rai a ciki, sai da'ira da murabba'i da saƙa. An yi tsammanin injin ɗab'i zai kashe wannan aiki, amma sai ya faɗaɗa shi, gama mutanen ƙasar nan sun saba da ruwayar Warshu da irin rubutun malamansu. Sabo da haka sai aka riƙa ɗaukar hoton rubutun gwanaye ana bugawa da yawa, ana sayarwa a Kasuwar Kurmi. Ta haka rubutun Sharu Bala na unguwar Gabari ya kai garuruwan da shi kansa bai taka ba.

Na uku shi ne mai fenti da buroshi, wanda ciniki da mota suka kawo. Mai aski da mai gyaran rediyo suna bukatar hoto a ƙofar shago, don ba ko wane mai wucewa ne ya iya karatun boko ba. Mai babbar mota kuma yana son zaki ko gaggafa ko mahayin doki a bayan motarsa, da wata 'yar magana ta wa'azi ko habaici. A nan ne siffar mai rai ta sami wuri. Wannan sana'a ta fi ƙarfi a bayan ganuwa, wajen Fagge da Sabon Gari da tashoshin mota, daga can ta shigo birni.

Zanen littafi kuwa ta Zariya ya biyo, inda littattafai irin su Magana Jari Ce suka fito da hotuna na zanen hannu, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A Kano kasuwarsa ta buɗe ne a shekarun 1980, sa'ad da marubutan ƙagaggun labarai suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, ko wanne yana neman wanda zai zana masa bango mai jan ido. Ba a jima ba sai fim ɗin Hausa na bidiyo ya zo, tun daga Turmin Danya a 1990, kwamfuta kuma ta biyo baya. Hoton kyamara ya ture zanen hannu daga bangon littafi, ƙyallen roba da inji ke bugawa ya ture shi daga ƙofar kanti. Waɗansu masu zanen suka koyi aiki da kwamfuta, waɗansu suka koma fentin gidaje da ajujuwan makaranta.

Abin da ya kamata manazarta su lura da shi ke nan: aikin nan ba ya daɗewa, sunan mai shi kuma ya kan riga shi ɓacewa. Mai rubuta Alƙur'ani ya kan sa sunansa a ƙarshe, amma magini ba ya sa hannu a bango, damina kuwa tana cin aikinsa kowace shekara. An riƙe sunan Muhammadu Durugu, watau Babban Gwani, domin ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sarauta kuma ta san da shi. Wanda ya yi wa attajiri ko malamin unguwa aiki bai sami wannan gata ba.

Malaman kwalejojin horon malamai suna da hanyar rage wannan hasara. Ɗalibi ɗaya ya isa ya ɗauki unguwa guda, ya ɗauki hoton zanen da ya saura, ya tambayi masu gida wanda ya yi shi da shekarar da aka yi, ya kuma rubuta sunan ko wace siffa kamar yadda masu sana'ar su ke kiranta. Dattawan da za su iya amsa waɗannan tambayoyi suna nan a cikin birni, amma kullum raguwa su ke yi.