Aikin Fatar Ido: Wasu Don Ado, Wasu Don Tsira Da Gani

A ƙasashe irin su Koriya ta Kudu da Amurka, mutane kan biya kuɗi masu yawa a yanka musu fatar ido domin ƙarin kyau, alhali akwai hatsarin ido ya bushe ko ya ƙi rufuwa sosai. Amma a Gummi da Anka da Bukkuyum, larura ce ke kai mutum ga wannan aiki, watau ciwon amosanin ido.

Idan ciwon ya yi ta komowa tun ƙuruciya, sai cikin fatar ya yi tabo, ta lanƙwashe, gashin ya riƙa gogar ƙwayar ido har gani ya tafi. Mata ya fi kamawa. Tsige gashin da matsefata sauƙi ne na 'yan kwanaki kawai.

Aikin bai cika wuce minti 20 ba. Ma'aikacin jinya da aka horar zai kashe zafin wurin da allura, ya tsaga fatar, ya juyo bakinta waje, ya ɗinke. A zagayen da gwamnati ke yi da taimakon ƙungiyar Sightsavers kyauta ake yinsa. Nauyin da ke kan talaka shi ne kuɗin mota da hatsarin hanya.

Sai dai wani lokaci gashin kan sake juyawa, don haka wajibi ne a koma a duba. Har wa yau, aikin ba ya maido da ganin da ya riga ya tafi. Ghana ta kawar da ciwon a 2018. Wanda duk ke da uwa ko kaka mai yawo da matsefata, ya kai ta asibiti tun da sauran gani.