Ina Kuɗin Farfaɗowa Bayan Korona Suka Shiga?

Dattawanmu na zango da yawa suna tambaya: an ce ƙasashen duniya sun haɗa kuɗi don tayar da tattalin arziki bayan annobar korona, to ina kuɗin suka shiga, tunda farashin shinkafa da man girki sai hawa yake yi? Amsar tana cikin yadda aka yi rabon.

A watan Agusta na 2021, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, ya raba wa ƙasashe mambobinsa kuɗin ajiya na musamman da suka kai dala biliyan 650. Asusun bai taɓa raba adadi mai yawan wannan ba. Kuɗin a rubuce suke a littafin asusun. Ƙasar da ta shiga matsi tana iya canza nata zuwa dala ko yuro, amma daga ranar za ta riƙa biyan kuɗin ruwa a kan abin da ta taɓa.

Rabon ya bi ƙa'idar da muka sani a adashi: gwargwadon zubinka, gwargwadon kwasarka. Kowace ƙasa tana da kaso daidai da ƙarfin arzikinta. Amurka kaɗai ta samu kimanin dala biliyan 113, Afirka gaba ɗayanta kimanin biliyan 33, Ghana kuwa kimanin biliyan 1. Waɗanda suka fi buƙata su suka tashi da mafi ƙanƙanta.

Ganin haka, manyan ƙasashen ƙungiyar G20 suka yi alkawarin mayar da dala biliyan 100 daga rabonsu ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai akasarinsu rance ne, kuma sun zo a hankali.

Ghana ba ta iya jira ba. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje. A 2023 aka ƙara harajin VAT daga kashi 12.5 zuwa 15, sannan IMF ya amince da sabon rancen dala biliyan 3 mai sharuɗɗa.

Saboda haka, duk ranar da muka ji an sanar da tallafin biliyoyi, mu tambayi wakilanmu abu biyu: kyauta ce ko rance? In rance ne, wa zai biya? Bashin gwamnati ta hanyar haraji ake biyansa, mai sayar da koko a bakin titi ma da nata kason.