Gargaɗi Ga Ɗaliban Likitancin Haƙori: A Daina Rubuta Magani Da Ka

Akwai wata ɗabi'a da ke bin ɗalibai daga aji zuwa asibiti: duk wanda ya shigo riƙe da kunci, sai a zayyano masa amoxicillin da Flagyl da diclofenac, tun bai gama buɗe baki ba. A wurin manya kuka gani, na sani. Ku bar ta tun hannunku bai saba ba.

Yawancin ciwon haƙori kumburin jijiyar cikinsa ne, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya kwantar da shi. Idan jijiyar ta mutu, jini ya daina shiga wurin, to ta ina maganin zai isa? Aikin hannu ake buƙata: a buɗe a fitar da mugunya, a wanke saiwa, ko a cire haƙorin. Sai in akwai zazzaɓi, ko kumburi ya fara bazuwa zuwa ido ko ƙasan muƙamuƙi, sannan magani ya shigo. Wanda haɗiya ko numfashi ya fara gagara kuwa, na sashen gaggawa ne nan take.

Ɓarnar ba ta tsayawa kan mutum ɗaya, domin ba da maganin babu dalili yana sa ƙwayoyin cuta su bijire masa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Masu kemis ma takardunku suke kwaikwaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai shan warfarin, irin waɗanda aka sauya wa murfin zuciya. Flagyl yana hana hanta sarrafa warfarin, sai ya taru, jini ya tsinke fiye da kima. Ka ɗora diclofenac, wanda ke cin bangon ciki, ka haɗa masa zubar jinin da ke iya kisa. Man miconazole na shafawa a baki ma haka yake yi wa warfarin, duk da ana raina shi.

Diclofenac da ibuprofen ba na mai olsa ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai tsohon ciki. Wasu masu asma ma suna tayar musu da ita. Ga irin waɗannan, paracetamol, kada ya wuce giram 4 a rana ga babba.

Kafin ka ɗauki biro, tambayi: "Baba, wane magani kake sha?" In ya ce babu, sake tambaya, har da na kemis da na gargajiya. In da hali, a kawo kwalin ka gani da idonka.