Za a iya buga Super Bowl a wajen Amurka? Abin da ya kamata ku sani

Super Bowl shi ne wasan ƙarshe na gasar NFL, wato ƙwallon nan ta Amurkawa da ake runguma a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano. Tun daga na farko a Los Angeles a 1967 ba a taɓa buga shi a wata ƙasa ba. Amma duk lokacin da shugaban hukumar gasar, Roger Goodell, ya je Landan, sai 'yan jarida sun yi masa tambayar, shi kuma bai taɓa rufe ƙofa ba. Magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya fito fili ya ce yana son birninsa ya karɓi baƙuncin wasan.

Zancen bai taso haka kawai ba. NFL ta daɗe tana kai hajarta kasuwannin waje. A 2005 ta buga wasan kaka a birnin Meziko, mutum fiye da 100,000 suka shiga kallo. A 2007 aka fara na Landan a filin Wembley, tsakanin New York Giants da Miami Dolphins, daga baya Munich ta samu nata a 2022, Sao Paulo a 2024, Madrid da Dublin a 2025. Ƙungiyar Jacksonville Jaguars ma Landan ta zame mata gida na biyu, ga shi mai ita, Shahid Khan, shi ne mai kulob ɗin Fulham. Filin Tottenham da aka buɗe a 2019 kuwa da NFL a zuciya aka gina shi: ciyawar ƙwallon ƙafa tana janyewa, a ƙarƙashinta akwai shimfiɗar wasan Amurkawa.

Ashe fili ba matsala ba ne, 'yan kallo ma haka. Matsalar tana ga agogo.

A al'ada ana take wasan da misalin 6:30 na yamma agogon New York, ranar Lahadi a watan Fabrairu, lokacin da iyalai suka hallara gaban talabijin. A Landan 11:30 na dare ke nan, kuma wasan kan ci fiye da awa uku, ga mawaƙa da ke cashewa a hutun rabin lokaci. Wa zai saki mutum dubu tamanin a titi ƙarfe uku na dare cikin hunturu? In kuma aka fara da 6:30 na yamman Landan, a New York 1:30 na rana ne, a Los Angeles 10:30 na safe, wasu ba su ma dawo daga coci ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kuɗin yana wajen masu kallo a gida. Sama da mutum miliyan 120 ne suka kalli wasan 2024 a Amurka, tallan sakan 30 kuma ya kai kimanin dala miliyan 7. Kamfanin da ya biya wannan kuɗi ba zai yarda a nuna tallansa da hantsi ba.

Akwai kuma bashin da ke kan hukumar. Biranen Amurka da dama da kuɗin haraji suka taimaka aka gina filayensu, kuma Super Bowl ne tukuicin. Jihar Nevada ta amince da dala miliyan 750 na jama'a don filin Las Vegas, birnin ya karɓi wasan a 2024. Minneapolis ta buɗe nata a 2016, ta samu a 2018. Masu ƙungiyoyi 32 ne ke amincewa da birnin da za a ba, kuma dukkan ƙungiyoyin a Amurka suke. Da wuya su ɗauki cinikin otal-otal da gidajen abinci na mako guda su miƙa wa birnin da ba shi da ko ƙungiya ɗaya. Goodell da kansa ya sha faɗin cewa al'adarsu ita ce a kai wasan inda ake da ƙungiya.

A ganina, yawan maganar talla ce: tana sa jaridun Birtaniya su ci gaba da ambaton NFL ba tare da an kashe ko sisi ba. Wanda ke son sanin ko da gaske ake, ya zuba ido ya ga ko Landan za ta samu ƙungiyarta tukuna. Kafin nan dai an riga an ba Los Angeles na 2027, Atlanta kuma na 2028.