Kafin Ki Kai Kazar Nan Kasuwa, Duba Ko Ƙwai Ne Ya Maƙale Mata

A gidajenmu na Dakoro da ƙauyukan da ke bakin kwarin Tarka, shanu da raƙuma galibi na maigida ne, amma kaza ta uwargida ce. Ita ce asusun da ake fasawa in yaro ya kwanta ciwo, ita ake kamawa in baƙo ya sauka, kuma da kuɗin ƙwanta ake zubin adashi ko a ƙara jarin ƙuli-ƙuli. Shi ya sa ranar da kaza mai ƙwai ta yi jugum a gindin rumbu ta ƙi cin tsaba, abin da kan fara zuwa wa mai ita a rai shi ne ta ɗaure mata ƙafafu ta aika da ita kasuwa, a sayar ko nawa aka taya, kafin ta zama mushe.

To, muna kira ga 'yan'uwa mata da a dakata tukuna. Akwai ciwo iri biyu da ke kama da juna a ido. Ɗaya maƙalewar ƙwai ce, wadda sau da yawa ana iya maganinta a gida. Ɗayan kuwa annoba ce, wadda in aka kai ta kasuwa an kai wa jama'a wuta. A duka biyun, gaggawar sayarwa hasara ce.

Me ke sa ƙwai ya maƙale?

Ƙwai ɗaya kan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kuma kusan awa 20 daga ciki wajen gina ɓawo suke tafiya. Kowane ɓawo na cin kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyum, wato sinadarin da ke gina ƙashi, kuma da shi ne tsokar mahaifa ke samun ƙarfin turo ƙwan waje. Gero da dawa da dussar da muke watsa wa kaji kuwa, kaɗan ne ƙwarai a cikinsu. In kaza ba ta samu a abinci ba sai ta riƙa cira daga ƙashinta, har ta fara yin ƙwai mai laushin ɓawo ko marar ɓawo sam, daga nan wata rana ta yi yunƙuri ƙwan ya ƙi fita.

Bazara na ƙara tsananta abin. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a yankinmu, kaza na yini tana haki, cin abincinta ya ragu, tsaki da ƙwari sun yi wuya, ɓawon ƙwai kuma ya ƙara laushi. Waɗanda abin ya fi samu su ne sagarar da ta fara ƙwai, da tsohuwar kaza, da wadda kitse ya yi wa yawa, da kuma kajin gidan gona masu yin ƙwai kusan kullum.

Alamomin da za ki duba

Kazar da ƙwai ya maƙale wa takan riƙa shiga wurin da take ƙwai tana fitowa ba ta ajiye komai ba. Takan tsaya ƙafafu a buɗe, wutsiya a ƙasa, tana nishi, tafiyarta kamar ta agwagwa. Ki ɗauke ta a hankali, ki shafa cikinta tsakanin ƙafafu kusa da dubura. In kin ji wani abu mai tauri kuma mulmulalle, to ƙwan ke nan. Babbar shaida ita ce, ita kaɗai ce ba ta da lafiya, sauran kajin na kiwonsu.

Taimakon da za a yi a gida

Ki zuba ruwan ɗumi a roba, irin wanda za ki yi wa jariri wanka da shi, ki zaunar da ita ciki ruwan ya rufe gindinta, na tsawon minti 15 zuwa 20. Ki tsane ta sosai da tsumma, musamman in lokacin ɗari ne. Ki shafa mata man gyaɗa ko basilin a bakin dubura, sannan ki sa ta cikin kwali ko ƙarƙashin kwando a ɗaki mai duhu, nesa da yara da zakara. Ki ajiye mata ruwan sha, da ɗan jiƙon dussa wanda aka barbaɗa wa garin ɓawon ƙwai. In awa biyu ko uku sun wuce ba ta sauke ba, ki sake.

Kada a matsa cikinta, kada a zura tsinke, kada a yi ƙoƙarin fasa ƙwan a ciki, domin ɓawon zai yanke ta, cikin ya ruɓe. Kada kuma a ɗura mata kafson mutane na 'yan tebur, ba ya fitar da ƙwai. In bayanta ya fito ja bayan ta sauke, a wanke da ruwan ɗumi, a shafa mai, a mayar da yatsa a hankali, a ware ta kwana biyu don kada 'yan'uwanta su tsattsage wurin. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu.

Wannan ciwo ba ya jira, yakan kashe kaza cikin kwana ɗaya ko biyu. In aka yini aka kwana ba sauƙi, a nemi ma'aikacin kiwo. Tun a 2003 ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar Beljiyam tare da ƙungiyar Karkara suka soma aikin kusanto da likitan dabbobi ga makiyaya a Dakoro, aka horar da mataimaka a ƙauyuka. In kuwa ba mai dubawa a kusa, gara a yanka ta a ci a gida da a bari ta mutu, ko a ɓoye aibinta a sayar wa wani.

In ba ƙwai ba ne fa?

Idan kaji biyu ko uku suka kwanta lokaci guda, ana ganin koren zawo, da majina, da numfashi da ƙyar, ko wuya ya murɗe, ko kuma dukansu suka daina ƙwai kwatsam, to wannan ba maƙalewa ba ce. Alamun annobar nan ce ta Niyukasul da ke share akurki a lokacin hunturu, wadda ba ta da magani sai rigakafi. Murar tsuntsaye ma haka take kamawa, kuma ba mu manta da yadda ta ɓulla a Magariya cikin Fabrairun 2006 ba, har cinikin kaji ya tsaya. Irin waɗannan kaji ba a kai su kasuwa, ba a ba maƙwabciya, a sanar da ma'aikatar kiwo, waɗanda suka mutu kuma a binne su da zurfi.

Ku ma dillalan kaji da masu sari, duk kazar da aka miƙo muku da arahar da ta wuce hankali, ku dubi idonta da gindinta kafin ku jefa ta cikin kejin sauran.

Abin da ba ya cin kuɗi

Kada ki zubar da ɓawon ƙwai. Ki roƙi na masu shayi, ki gasa a kasko, ki daka ya yi laushi don kada kaji su koyi fasa ƙwansu. Ƙashin da mahauta ke yarwa ma a ƙona shi har ya yi fari, a daka, a zuba a wani kasko dabam su ci yadda suke so. Kanwa ba ta maye gurbin wannan. A haɗa musu da gara da ganyen zogale, a sa ruwa a inuwa kullum, a yi musu allurar rigakafi kafin shigowar ɗari.

Kazar gida kan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21, sau uku ko huɗu a shekara. Ki lissafa 'yan tsakin da za ta ba ki in ta rayu, ki gwada da abin da dillali zai taya ta tana layi. Allah Ya sa albarka a kiwo, Ya ba da kasuwa.