Ƙwaya da Halwa: Hanyoyi Biyu na Neman Buɗin Zuciya

A addinai da yawa akwai labarin wani yanayi da kan zo wa mutum, ya ji shamakin da ke tsakaninsa da sauran halittu ya yaye, lokaci ya tsaya cak, zuciya ta cika da tsoro mai haɗe da natsuwa, in ya dawo kuma ya rasa bakin da zai faɗi abin da ya gani. Sufaye suna maganar buɗi da fana'i, mabiya Buda suna da jhana da satori, 'yan Hindu suna da samadhi. Masu neman wannan yanayi da gangan sun bi hanyoyi biyu. Wasu sun bi ta horar da zuciya: zaman shiru, tattara hankali wuri guda, zikiri, azumi da kaɗaici na shekaru. Wasu kuma sun bi ta tsirrai da sinadarai masu juya hankali, waɗanda likitoci ke kira saikadelik. Gardamar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ita ce ko wuri ɗaya suke kaiwa.

Tsirran sun girmi ɗakin gwaji nesa ba kusa ba. 'Yan asalin Meziko sun daɗe suna cin peyote, wani ɗan tsiro marar ƙaya na hamada, kuma a Amurka an yi wa cocin 'yan asalin ƙasar da ke amfani da shi rajista a jihar Oklahoma a 1918. Mutanen Mazatek na jihar Oaxaca suna da wani nau'in naman kaza da ake ci da dare a zaman neman waraka. A dajin Amazon ana dafa ayahuasca daga wata itaciya mai yaɗo da ganyen wani tsiro, har coci-coci irin Santo Daime na Birazil suka mayar da shi abin sha na ibada. A Gabon, masu addinin Bwiti suna ba mai shiga cikinsu ɓawon saiwar iboga. A duk waɗannan wurare tsiron yana da ranarsa, da jagoransa, da waƙoƙinsa da sharuɗɗansa, ba kowa ke tsinka ya ci yadda ya ga dama ba.

Turawa sun shigo lamarin ta ƙofar kimiyya. Albert Hofmann, masanin haɗa magunguna a kamfanin Sandoz da ke Basel a Suwizalan, ya haɗa LSD a 1938, amma bai san abin da ya haɗa ba sai a Afrilun 1943, lokacin da ya sha rubu'in miligiram ɗaya ya koma gida a keke duniya na jujjuya masa. A 1955 wani ma'aikacin banki na New York, Gordon Wasson, ya ci naman kazan Mazatek a hannun wata mai magani, María Sabina, ya buga labarin a mujallar Life a 1957. Shekara guda bayan haka Hofmann ya fitar da sinadarin da ke cikinsa, wato silosaibin. Garin matar kuwa bai ji daɗin sunan da ya yi ba: baƙi suka yi ta kwarara, 'yan sanda suka biyo su, aka ƙone mata gida, ita kuma ta riƙa cewa naman kazan ya rasa ƙarfinsa tun da baƙi suka taɓa shi.

Waɗannan sinadarai suna aiki ne ta hanyar manne wa wata kafa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wadda sinadarin serotonin ke amfani da ita, masana na kiranta 5-HT2A. Silosaibin yakan ɗauki awa 4 zuwa 6, LSD kuwa awa 8 zuwa 12. Da zarar an haɗiye, ba a iya tsayar da shi da niyya, sai dai a jira ya sake.

Hanyar horar da zuciya tafiyarta daban. Mai koyon vipassana a tsarin S. N. Goenka yakan yi kwana 10 ba magana, yana zaune kusan awa 10 a yini, yana bin numfashinsa da abin da jikinsa ke ji. Ɗalibin Zen a Japan yakan shekara da shekaru yana zama a gaban malami. A ƙasar Hausa abin da ya fi kusa da wannan shi ne tarbiyyar ɗariƙu: wuridin safe da yamma, wazifa, zikirin Juma'a, da halwar da muridi kan shiga da izinin shaihinsa, wani lokaci har kwana 40, da rage ci da barci da magana. Manufofin ba ɗaya ba ne, domin sufi Allah yake nema, mai bin Buda kuwa yankewar wahala yake nema. Amma aikin yana kama da juna: a tsayar da hankali a kan abu guda, ya kuɓuce, a komo da shi, sau dubbai. Mafi yawan ranaku ba abin da ke faruwa sai ciwon gwiwa da gyangyaɗi.

Gardamar zamani ta fara da marubucin Ingila Aldous Huxley, wanda ya sha meskalin, sinadarin peyote, a 1953, ya rubuta littafin The Doors of Perception a 1954, inda ya nuna cewa abin da ya gani ɗan'uwan abin da waliyyai suke gani ne. R. C. Zaehner, malamin addinan Gabas a jami'ar Oxford, ya gwada sinadarin shi ma, ya mayar masa da martani a 1957 cewa narkewa cikin launuka da siffofin halitta abu ɗaya ne, saduwa da Ubangiji wani abu ne dabam.

Sai aka kai maganar gaban gwaji. A ranar Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye ta 1962, Walter Pahnke, likita mai karatun digirin digirgir a Harvard, ya tara ɗaliban tauhidin Kirista 20 a wani ɗakin ibada na jami'ar Boston. Rabi aka ba su silosaibin, rabi aka ba su bitamin mai sa jiki ya yi ɗumi, suka saurari huɗuba. Kusan duk waɗanda suka sami silosaibin sun bayyana yanayin da ya dace da siffofin da masana suka tattara daga rubuce-rubucen masu ibada. Bayan kimanin shekara 25 wani mai bincike, Rick Doblin, ya bi sawun mafi yawansu, ya tarar har lokacin suna ɗaukar ranar da muhimmanci. Ya kuma gano abin da rahoton farko ya ɓoye: ɗaya daga cikinsu ya fice daga cocin a rikice, sai da aka yi masa allurar kwantar da hankali.

Daga nan siyasa ta rufe ƙofa. Harvard ta rabu da malamanta biyu masu gwajin waɗannan sinadarai, Timothy Leary da Richard Alpert, a 1963, Amurka ta saka sinadaran a sahun haramtattun ƙwayoyi mafi tsanani a 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo da yarjejeniyarta a 1971. Labarin Alpert yana da amfani a nan. Ya sha LSD ba adadi, kuma damuwarsa ita ce komai nisan da ya yi sai ya sauko ya tarar da kansa yadda yake. A 1967 ya tafi Indiya, ya zama almajirin wani malamin Hindu, Neem Karoli Baba, ya koma ana kiransa Ram Dass. Da yawa daga Amurkawan da suka zama malaman zaman shiru na Buda a shekarun 1970 ta wannan hanya suka bi: ƙwaya ta nuna musu akwai wani abu, suka tafi neman hanyar da za su zauna a cikinsa.

Bincike ya farfaɗo a jami'ar Johns Hopkins, a hannun Roland Griffiths, wanda shi kansa zaman tattara hankali ne ya ja shi ga tambayar. A rahotonsa na 2006, mutum 36 da ba su taɓa shan irin waɗannan ƙwayoyi ba sun sha silosaibin a ɗaki mai natsuwa, idanu a rufe, da masu kula biyu a gefe. Mutum 22 sun cika dukkan sharuɗɗan yanayin da ake nema. Bayan wata biyu, kashi biyu cikin uku sun saka ranar cikin abubuwa biyar mafi ma'ana a rayuwarsu. Kusan kashi ɗaya cikin uku kuwa sun gamu da tsoro mai tsanani, duk da tantancewa da shirin da aka yi musu.

Hoton ƙwaƙwalwa ya ƙara wa masu cewa hanyoyin biyu 'yan'uwa ne ƙarfi. Akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa da ke aiki tare a lokacin da mutum ke saƙe-saƙe, yana tuna jiya, yana lissafin gobe, yana zancen kansa da kansa. A 2011 Judson Brewer na jami'ar Yale ya nuna cewa sassan suna lafawa a wurin waɗanda suka daɗe suna zaman tattara hankali. A 2012 Robin Carhart-Harris a Landan ya ga makamancin haka a wurin waɗanda aka yi wa allurar silosaibin. Kamannin gaskiya ne, amma ana yawan ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Hoton yana nuna inda jini ke gudu ne kawai, ba ya iya cewa abin da mutum ya gani gaskiya ne ko ruɗu. Ga kuma matsalar da ke damun duk gwajin waɗannan ƙwayoyi: wanda aka ba na gaske yakan gane cikin awa guda, don haka da wuya a raba aikin sinadari da aikin tsammani.

Babban bambancin yana wurin da sufaye suka daɗe da sa wa suna. Al-Ƙushairi, wanda ya rasu a 1072, ya bambanta hali da maƙami a Risalarsa. Hali baƙo ne, yana sauka ba tare da an kira shi ba, ya tashi ba sallama. Maƙami kuwa, kamar tuba da haƙuri da tawakkali, matsayi ne da ake samu da wahala kuma a zauna a cikinsa. Ƙwaya tana da ƙarfin kawo yanayi mai girma cikin yini ɗaya ga wanda bai taɓa zaman minti goma shiru ba. Zaman horo ba ya yi wa kowa alkawarin irin wannan, akwai masu shekara ashirin ba su gani ba. Abin da yake ginawa shi ne iya riƙe hankali da fushi da sha'awa a ranar da ba komai. A binciken da Richard Davidson da Antoine Lutz suka buga a 2004, 'yan zuhudun Buda na tsarin Tibet da suka yi awa 10,000 zuwa 50,000 suna horo sun bambanta da sabbin shiga tun kafin su fara zaman gwajin. Huston Smith, masanin addinai da ya halarci gwajin 1962 kuma bai taɓa musun abin da ya gani ba, ya tsaya a kan cewa ƙwaya tana iya haifar da yanayin addini, amma ba a tabbatar tana haifar da rayuwar addini ba.

Su kansu malaman horo ba su ɗauki gane-gane da muhimmanci ba. A Zen, haske da muryoyin da kan bayyana wa mai zama ana kiransu makyo, ana ce wa ɗalibi ya bar su su wuce. Shaihunnan ɗariƙa suna jan kunnen muridi game da istidraji, kada abin mamaki ya ruɗe shi ya zaci ya isa.

Haɗari yana ɓangarorin biyu, ko da yake ba daidai ba. Silosaibin da LSD ba sa kama jiki kamar tiramol ko kodin, amma suna iya tayar da taɓin hankali ga wanda ke da shi a jini, shi ya sa masu bincike ke cire duk mai irin wannan tarihi a danginsa. Mutum a rikice yana iya faɗawa titi ko ya faɗo daga bene, wasu kuma gane-ganen kan riƙa dawo musu watanni bayan haka. Iboga yana rikita bugun zuciya, ya kuma kashe mutane. Ayahuasca yana da haɗari ga mai shan wasu magungunan ciwon damuwa. Zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro, ba ya cikin wannan dangi ko kaɗan: guba ce mai kawo gigita da mantuwa da zafin jiki, tana kuma kisa. A ɗaya ɓangaren, binciken Willoughby Britton da abokan aikinta a jami'ar Brown a 2017 ya tattara bayanan mutum 60 da zaman horo ya jefa cikin firgita, rashin barci, ko jin sun rabu da jikinsu, wasu na tsawon watanni. Dokar cewa ba a shiga halwa sai da shaihi tana da dalilinta.

Hukuncin addinai bai jira sakamakon ɗakin gwaji ba. A Musulunci duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, kuma da wasu ɗariƙun yawo irin Ƙalandariyya suka riƙa amfani da wiwi a ƙarnonin baya, malamai irin su Ibn Taimiyya sun yi musu raddi mai zafi. Doka ta biyar cikin dokoki biyar na mabiya Buda ita ma ta hana abin maye, ko da yake wasu mabiyan na Yamma suna jayayya ko ta shafi waɗannan sinadarai.

Wasu masu bincike sun daina tambayar wacce ta fi, suka haɗa biyun. A wani gwaji da ƙungiyar Franz Vollenweider ta jami'ar Zurich ta buga a 2019, an ba ƙwararrun masu zaman shiru silosaibin ko ƙwayar wofi a rana ta huɗu ta halwar kwana biyar a tsaunukan Suwizalan. Waɗanda suka sami sinadarin sun yi zurfi ba tare da tsoron da aka saba gani ba, kuma bayan wata huɗu sun ba da rahoton sauyi mai kyau a halayensu. Mutanen ba su kai 40 ba, kuma dukkansu sun zo da horon shekaru.

Doka kuwa ta fara sassautawa a wurare ƙalilan, galibi don magani. Masu zaɓe a jihar Oregon sun amince da shan silosaibin a cibiyoyi masu lasisi a 2020, Ostiraliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta shi ga ciwon damuwar da ya ƙi jin magani daga Yulin 2023. Amurka ta halatta peyote ga ibadar 'yan asalin ƙasar a 1994, Kotun Ƙolinta kuma ta goyi bayan wani coci mai shan ayahuasca a 2006. A mafi yawan ƙasashen duniya, mallakar LSD ko silosaibin laifi ne da ke kai mutum gidan yari.