Ƙugin Lasifika Bayan An Kafa Sola: Ina Laifin Yake?

Majami'u da makarantu da dama sun kafa faifan sola a kan rufi, sun haɗa inbata da wutar Nepa domin a huta da sayen man janareta. Amma sau da yawa murna takan koma ciki. Da an kunna inbata sai lasifika ta kama ƙugi, rediyo ya cika da shuuu, har a fara ganin laifin yaron da ke kula da kayan sauti.

Ga yadda abin yake. Wutar da faifan sola ke bayarwa hanya ɗaya take bi, ta Nepa kuwa kai da komowa take yi sau 50 a daƙiƙa guda. Domin inbata ta mai da waccan irin wannan, sai ta riƙa datse wutar tana sakinta sau dubbai a kowace daƙiƙa. Wannan datse-datsen ne ke haifar da hayaniyar da ke bin waya ko iska ta shiga makirfo.

Kafin a kashe ko kwabo, a yi gwaji. A kashe inbata, a bar kayan sauti a kan wutar Nepa kaɗai. In ƙugin ya ɗauke, an gane inda yake fitowa. Sai a ɗauki ƙaramin rediyo mai batir, a murɗa shi zuwa matsakaicin zango inda babu tasha, a bi wayoyin da shi. Inda ƙara ta fi tsanani, nan ne mafitarta.

Daga nan aiki ya koma hannun ma'aikacin lantarki. Ya fara da wayar da aka binne a ƙasa, domin tsatsa, ko kuncewar ƙusa, ko bushewar ƙasa lokacin hunturu duk suna rage mata amfani. Ya raba wayar makirfo da ta wuta. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Wayoyi biyu masu saukowa daga rufi kuma su tafi manne da juna. In da saura, akwai zoben ferayit da ake zura wa waya, yakan rage hayaniyar.

Wasu sukan cire wayar ƙasa ta amfilifaya don ƙugi ya lafa. 'Yan'uwa, kada a kuskura! Ita ce ke kare mai riƙe da makirfo ranar da wuta ta taɓa jikin na'ura. Haka nan kada kowa ya buɗe inbata da ka: muddin da rana, faifan na iya ba da ɗaruruwan bolt ko an kashe makunni.

Dattawan da ke shirin sayen sola su nemi a zauna a tsara hanyar kowace waya tun ba a hau rufi ba. Tun ran gini, tun ran zane.